Faifai Uku, Duk Wayam

Ranar Litinin da hantsi Kawu ya kira ni, ko gaisuwa babu.

"Ka ajiye abin da kake yi ka zo maɗaba'a. An yi mana ɓarna."

Sana'ata gyaran kwamfuta, amma abin da ya fito da ni shi ne tono abin da aka goge. In fayil ya ɓata a wani ofis, ko wani ya taɓa abin da ba nasa ba kuma ya rantse bai taɓa ba, ni ake nema. Har suna aka laƙaba mini, Mai Bin Sawu, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, har na sa aka rubuta mini shi a ƙofar shago. Ina faɗin wannan ne don ku san irin girman kan da na shiga maɗaba'ar Kawu da shi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Na tarar injuna a kashe, masu kawo aiki sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna leƙe. Kawu, wan mahaifiyata, yana tsaye a tsakiyar shago yana huci. Dogo, mai tsara shafuka, ya jingina da injin yanka takarda ya harɗe hannu. Anti kuma, sakatariyar da ta shekara goma sha tara tana buga rubutu a wurin, tana zaune a kujerarta kusa da taga. Jakarta na kan kantar shago a zazzage: tabarau, maganin ciwon gwiwa, carbi, makullan gida, duk a baje a gaban jama'a.

"Wa ya yi wannan?" na tambaya.

"Ni na sa maigadi ya caje ta," in ji Kawu. "Littafin marigayi babu shi. Ba shi kaɗai ba, aikin shekaru duk an share. Ka nemo mini wanda ya yi, ko wane ne."

Da ya ce ko wane ne, Anti yake kallo.

Littafin nan na wani tsohon likitan dabbobi ne. Idonsa ya mutu a ƙarshen rayuwarsa, don haka ba a takarda ya rubuta shi ba. Duk Talata da Alhamis 'yarsa take kawo shi, ya zauna a gefen Anti yana faɗa tana bugawa. Shekara uku suna haka, har ya kai shafi ɗari huɗu da 'yan kai. Wata biyu da suka wuce ya rasu. A wannan makon ne aka shirya buga littafin, kuma babu kwafinsa a ko'ina sai a teburin Anti.

Ni na tsara musu ajiyar, shekara biyu baya. Faifan ajiya na kwamfuta uku ne. Babban, wanda duk aiki yake ciki, Anti ta sa masa suna Uwa. Na biyu, Babbar 'Ya, kullum yana jone da kwamfuta. Na uku, Ƙaramar 'Ya, a durowa yake kwana, makullin na hannun Anti. Duk Asabar kafin a tashi, sai ta danna maɓalli ɗaya, manhajar ta mayar da Babbar 'Ya daidai da Uwa. Sannan ta fito da Ƙaramar ta jona, ta danna na biyu. Abin da ke cikin Uwa ya shiga 'ya'ya, abin da babu a Uwa a cire shi daga 'ya'ya. Aiki mai tsafta, kuma na sha yin alfahari da shi.

Na buɗe Uwa, wayam. Babbar 'Ya, wayam. Ƙaramar kuwa cike take taf, amma da hotunan allunan talla na Dogo, ba ko harafi ɗaya na littafin. Na ce a raina, wannan aikin wanda ya san gida ne.

*

Da maigadi na fara. Tsoho ne mai kunne ɗaya, amma idonsa ko ƙuda ba ya wuce shi. Na same shi a bencinsa yana gyara rediyo da tsinke.

"Baba, su wa suka shigo ranar Asabar, ban da masu kawo aiki?"

Ya fara ƙirgawa da yatsu. "Ɗan marigayi ya zo da safe, ya ɗaga wa Alhaji murya, ya fita yana faɗa. Ita Anti ta tafi asibiti da azahar saboda gwiwarta, ta dawo wajen ƙarfe huɗu da rabi, ita ta rufe. Dogo ya yi ta kai da kawo da ɗan abin nan da yake ratayawa a wuya. Sai kai."

"Ni kuma?"

"Ka zo lokacin tana asibiti, da kwali a hannu."

"Ai ni ba na cikin lissafi, Baba. Babbar 'Ya ce ta fara ƙara, na kawo sabuwa na canza."

"To, ka ce su wa suka shigo," in ji shi, ya koma kan rediyonsa.

Na rubuta sunaye uku a takardata. Na huɗun ko tsayawa ban yi a kansa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

*

Dogo na ja zuwa bayan injin. Tun muna samari ba ma ga maciji da juna, don haka ban yi masa da sauƙi ba.

"Me hotunanka suke yi a cikin Ƙaramar 'Ya?"

"Tambayi kawunka. Da safen nan da aka ga komai ya tafi, shi ya ce in kwashe aikina in zuba a ciki kafin shi ma ya bi su. Na ce a jira ka, ya ce shi ne mai shago ko ni."

Na dafe kai. Uwa irin sabon faifan nan ne da in an goge abu yake share wurin nan take, ba a tono komai a cikinsa. Ƙaramar ce kaɗai ake da sa rai a kanta, ga shi an danne kabarin da kaya.

"Filash ɗin wuyanka fa? Me ka kwafa ranar Asabar?"

Ya kalli ƙofa, sannan ya cire ya miƙo mini. Na duba. Samfuran aikinsa ne da takardar neman aiki zuwa wata maɗaba'a.

"Zan tafi, ban ɓoye wa Allah ba," ya ce. "Amma mai shirin tafiya ba ya ƙona gidan da zai nemi takardar shaida a cikinsa. Kuma makullin durowa ba a hannuna yake ba. Kai da kake da kai, ka yi tunani mana."

Na ji haushin maganar, don gaskiya ce. Na soke sunansa.

*

Ranar Talata na je wurin ɗan marigayi. Shagon sayar da tayoyi gare shi, na same shi yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana shan shayi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye kofin.

"Na je, na yi faɗa, ban musa ba. Akwai babi guda da Baba ya ba da labarin yadda ya bar mini asibitinsa na dabbobi, na yi sakaci har ya durƙushe. Da sunana, da komai. Na ce a cire shi, 'ya'yana za su karanta. Kawunka ya ce ba ni na kawo aikin ba."

"Sai ka samu wanda zai cire maka duka."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Malam, ni ko wayata yarinyata ce take nemo mini lamba. Babi ɗaya na ce. Sauran fa? Akwai inda ya yi maganar ranar da aka haife ni, ƙanwata ta ce mini har kuka ya yi yana faɗa. Ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ina jira a buga in karanta." Ya juya fuska wajen titi. "Yanzu kana ce mini babu?"

Na yi masa sallama na fito, takardata saura suna ɗaya.

*

Kawu ya hana Anti taɓa kwamfuta, amma ya ce kada ta fasa zuwa har a gama bincike. Haka take wuni a kujerarta, hannu a cinya, masu shiga da fita suna satar kallonta. Maganar ta riga ta zagaye layin. Mai shayi ya ce an ba ta cin hanci, tela ya ce dama an ce za a sallame ta shi ya sa ta huce haushi.

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce rabi. Kawu da kansa ya gaya mini cewa ya sanar da ita ƙarshen shekara za ta huta, hannunta ya yi nauyi.

Na ja kujera na zauna a gabanta. A wannan teburin, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ta fara ɗora yatsuna a kan maɓallai, tana bugun bayan hannuna da biro in na kalli ƙasa. Duk abin da nake ci da shi yau a nan ya faro. Amma ranar nan sai na gyara murya kamar ɗan sanda.

"Anti, ke kika rufe ranar Asabar?"

"Ni ce, ɗana."

"Kin yi ajiya?"

"Na yi, kamar kullum. Na danna na farko, na danna na biyu."

"Ba ki ga wani abu daban ba?"

Ta dube ni. Kallon ya daɗe, har na ji ba daɗi. Kamar tana jira in faɗi wani abu.

"Me kake so in gani?" ta ce.

"Ni nake tambaya, Anti. Ina ɗan littafin da kike rubuta ajiya a ciki?"

Tana da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da take ɗaure shi da zare a ƙafar tebur. Duk Asabar sai ta rubuta kwanan wata da tsawon lokacin da ajiyar ta ɗauka. Ba wanda ya sa ta, halinta ne. Na sha yi mata tsiya a kai, ina cewa ta mayar da kwamfuta jaririn asibiti.

"Ya ɓata," ta ce.

"Anti, kin san yadda wannan amsar za ta zauna a kunnen Kawu?"

"Na sani."

"Kin ji haushin maganar sallamar nan?"

"Na ji mana, ni ba dutse ba ce. Amma shekara uku ina zaune da bawan Allahn nan. In ya manta inda ya tsaya, ni nake tuna masa. Kai ma kana ganin zan iya?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na rubuta wani abu a takarda don kawai in kauce wa idonta. Wallahi da na ce mata a'a ko da baki ne, da yau nauyin ya ragu.

*

Ranar Laraba da azahar, kowa ya fita cin abinci, na durƙusa na duba ƙafar teburin. Zaren yana nan, an yanke shi da almakashi, yanka mai kyau. Abin da ya ɓata da kansa ba ya barin irin wannan yankan. An caje jakarta ba a same shi ba, ke nan yana cikin shago. Maigadi ya ce ranar Litinin da safe sau ɗaya ta tashi daga kujera kafin Kawu ya iso, ta shiga ɗakin ajiyar takardu. Gwiwarta ba ta barinta ta durƙusa, kuma ba ta da tsawon da za ta kai kantar sama. Na bi kantar tsakiya ina zura hannu tsakanin ƙunshin takardu. A na bakwai na taɓo shi.

Na yi murmushi, Allah ya yafe mini. Na ce yau Mai Bin Sawu ya kama.

Na buɗe shafin ƙarshe. Rubutunta ne tsaf, mako bayan mako. Minti talatin da takwas. Minti arba'in da ɗaya. Minti arba'in. Sai Asabar ɗin nan: minti biyu. A gefensa akwai layi guda da aka dirje da biro har takardar ta kusa hujewa. Na ɗaga shafin wajen hasken taga, na karanta ta baya, inda bakin biron farko ya lotsa.

"Na kira ɗana. Ya ce ba komai, in ci gaba."

Na zauna a kan ƙunshin takarda.

Na tuna. Ina kujerar aski, rabin kaina da kumfa, ana kallon ƙwallo a talabijin ɗin shagon. Waya ta yi ƙara. Anti ce, tana cewa, "Ɗana, na farkon ya gama da wuri ƙwarai, anya lafiya? In dakata da na biyun?" Ni kuma idona na kan ƙwallo na ce, "Sabon faifai ne, Anti, gudu gare shi kamar jirgi. Ba komai, ci gaba." Na kashe. Kiran bai kai rabin minti ba, kuma kafin wanzami ya gama na manta da shi sarai.

Na fito na kunna kwamfutarta. Ita manhajar ba ta san wata Uwa ko 'Ya ba. Kwamfuta tana ba kowane faifai harafi, manhajar kuma harafin kawai take bi. Uwa ita ce E, Babbar 'Ya F. Ranar Asabar da na zo canji, na zare wayoyin duka don in kakkaɓe ƙura, sannan na fara jona sabon faifan da babu komai a cikinsa. Kwamfuta ta ba shi E. Uwa da ta zo daga baya ta samu F. Dubawar da ba ta fi ƙiftawar ido ba, ban yi ta ba, ina saurin zuwa aski.

Da Anti ta danna na farko, sai aka mayar da Uwa daidai da faifan da babu komai. A lokacin littafin yana nan lafiya a cikin Ƙaramar 'Ya, a kulle a durowa. Ta ji a jikinta, ta tsaya, ta kira wanda ya sani. Wanda ya sani ya ce ta ci gaba.

Saura tsohuwar Babbar 'Ya da na tafi da ita. Ita ma akwai littafin a cikinta, ko da tana ƙara. Amma mu masu gyara muna da wata ɗabi'a: in faifai ya tsufa sai mu farke shi mu cire mayen ƙarfen da ke ciki, don yana riƙe ƙananan kusoshi a kan tebur. Ranar Lahadi na farke ta, na jefa sauran a shara. Mayen ƙarfen yana manne a teburina a lokacin, da kusoshi shida a jikinsa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muni, kuma zan faɗe shi yadda yake. Na waiga, ba kowa a shagon. Na shiga saitin kwamfutar na mayar wa kowane faifai harafinsa na da. Na sa ɗan littafin a aljihu. Cikin minti ɗaya na share sawun da ya rage, ni da ake kira in nemo sawu.

Da Kawu ya dawo ya tambaye ni inda aka kwana, na ce, "Gobe da safe a tara kowa."

Na tafi gida ina lissafi irin na marasa kunya. Ai dama za a sallame ta. Ai ta tsufa, 'ya'yanta suna aiki. Ni kuwa in wannan magana ta fita, wane ofis ne zai sake ba ni kwamfutarsa? Kuma ai ita ta danna. Haka na yi ta jera wa kaina hujjoji kamar mai jera bulo, kowanne na ɗora sai ya zame.

*

Ranar Alhamis Kawu ya sa aka rufe ƙofar gaba. Ya zauna a bayan kanta. Dogo yana tsaye, maigadi a bakin ƙofa, ɗan marigayi da ƙanwarsa a kan benci. Ita 'yar marigayin idonta ya kumbura, tana riƙe da hoton mahaifinta da aka shirya sawa a bangon littafin. Anti na kujerarta.

"Ina da wanda zan kira a ofishin 'yan sanda," in ji Kawu. "Suna kawai nake jira. Bismillah."

Na fara da Dogo, na wanke shi. Na koma kan ɗan marigayi, na wanke shi. Na yi ta jan magana, ina bayanin faifai da manhaja, abin da ba wanda ya tambaye ni. Har a lokacin ban yanke abin da zan yi ba. Da na rasa abin faɗa sai na yi shiru, shirun kuwa ya yi aikin da bakina ya kasa. Kowa ya juya ya kalli Anti.

"To, Sakatariya," in ji Kawu. "Shekara goma sha tara kina cin arzikin gidan nan."

Anti ta dafa tebur ta miƙe a hankali.

"Ni na danna, Alhaji. Duka biyun. Ba da gangan ba, amma hannuna ne. Tsufa ne, kamar yadda ka faɗa. Ba sai an wahalar da kowa ba."

'Yar marigayi ta ce, "Anti, ke da Baba yake cewa ke ce idonsa?"

Anti ta sunkuyar da kai. Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba. Da ta kalle ni da harara, wataƙila da na daure na yi shiru, don na iya jure harara. Wannan rashin kallon ne na kasa ɗauka.

Na zaro ɗan littafin na ajiye a kan kanta.

"Kawu, kada ka kira kowa. Ni ne."

Na faɗi komai. Wayoyin da na zare, haruffan da suka juye, kiran da ta yi mini, amsar da na ba ta ina kallon ƙwallo, faifan da na farke. Na nuna musu layin da ta dirje don kada a ga sunana. Na so in tsaya a nan, amma na ga in na tsaya na sake yin wata ƙaryar, sai na ƙara da cewa jiya na gyara haruffan a ɓoye don kada a gane.

Dogo, wanda na zaci zai yi dariya, ƙasa yake kallo.

"Kai," in ji Kawu daga ƙarshe. "Kai ɗan ƙanwata. Ka tsaya kana kallo na sa aka zazzage jakar matar nan."

"Lokacin ban sani ba, Kawu."

"Yanzu da ka tsaya kana mana wa'azin faifai fa? Shi ma ba ka sani ba?"



'Yar marigayi ta taso ta tsaya a gabana. Ba ta zage ni ba, na so ta zaga.

"Ba abin da ya rage? Ko kaɗan?"

"Na tono shafi talatin da ɗaya daga Ƙaramar 'Ya, a yayyage. Sauran an danne su."

"Talatin da ɗaya," ta maimaita. Ta kifa hoton a ƙirjinta, wanta ya kama hannunta suka fita.

Kawu ya zagayo daga bayan kanta. Ban taɓa ganin ya rasa abin yi da hannuwansa ba sai ranar.

"Sakatariya, na zalunce ki. Ki yafe mini. Maganar ƙarshen shekara ma a bar ta, kujerarki taki ce har ranar da kika gaji."

"Na yafe, Alhaji," ta ce. "Amma wadda aka baje jakarta a gaban masu kawo aiki ba ta komawa ta zauna tana karɓar aikinsu. Dogo, samo mini kwali."

Kawu ya roƙa, maigadi ya sa baki, ta yi musu godiya tana ci gaba da tattara kayanta. Kofin shayi, matashin da take jingina bayanta, 'yar fankar tebur, wani tsohon ƙamus da bangonsa ya rabu. Shekara goma sha tara ba su cika kwali ɗaya ba.

"Ɗauko mini," ta ce da ni.

*

Na bi ta a baya da kwalin har bakin titi. Tana tafiya tana ɗingishi, mai shayi da tela suna leƙowa. Muka tsaya a inda ake jiran mota. 

"Anti, me ya sa kika ɓoye littafin?"

"Na zaci za ka tuna da kanka. Na ce gara ya fito daga bakinka da a tsince shi a rubutuna." Ta gyara mayafinta. "Yaushe ka gane?"

"Jiya da azahar."

"Jiya da azahar. Ka wuce ni a kujera da yamma, har ka ce mini sai da safe."

"Na ce."

"Ka ci abinci da ka je gida?"

Na so in yi ƙarya, amma na gaji da ita. "Na ci."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ni tun Litinin ruwa kawai yake wuce mini."

"Anti, ki yafe mini. Don Allah."

"Kuskuren waya na yafe tun ranar Litinin, kowa yana yi. Na jiya kuwa, ka ba ni lokaci. Ba zan ce maka na yafe ba alhali yana nan a maƙogwarona."

Mota ta tsaya. Na miƙa hannu zan taimaka mata ta hau, ta kama ƙofar da kanta. Ta zauna, ta karɓi kwalin ta ɗora a cinya. Har direba ya sa giya, sai ta leƙo ta taga.

"Ka gaida mamarka. Kuma ka roƙi kawunka kada ya gaya mata, hawan jininta ba zai ɗauka ba. In ta tambaya, ka ce gwiwa ce ta sa na ajiye aiki."